Saƙon da Na Riƙe Daga Hantsi Zuwa La'asar

Assalamu alaikum Edita, da duk wanda idonsa zai faɗa kan wannan shafi. Ina fatan damina ta bar kowa lafiya. Ina roƙon a ɓoye sunana da na kamfanin da nake yi wa aiki, sunayen mutanen da zan ambata ma na canza su. Kuma don Allah kafin wani ya kira ni azzalumi, ya daure ya karanta har ƙarshe. Ba wai in ya kai ƙarshen zai ga ba ni da laifi ba. Ina da shi. So nake dai a zage ni bayan an san abin da na yi, kada a zage ni a kan rabin labari.

Ni manaja ne a wani kantin tufafi a Haɗeja. Kantin reshe ne na wani kamfani mai rassa a garuruwa da yawa, hedikwatarsa tana Kano. Muna sayar da yadi da atamfa da shadda da leshi, da ɗinkakkun kaya na maza da mata da yara. Kayanmu ta jirgin ƙasa suke zuwa, a sauke su a Malam Madori, lori ya ƙaraso da su, wani lokacin kuma lorin kamfani ya taho da su tun daga Kano. Wanda ya wuce ta ƙofarmu ya hango mu ta gilashi cikin fararen riguna iri ɗaya, zai ce waɗannan sun dace. Ga yadda dacewar take. Babu kujera a bayan kanta, ko kwali ba a yarda ka zauna a kai ba, daga buɗewa har rufewa a tsaye kake. Salla ɗaya bayan ɗaya ake yi, wanda ya daɗe a sujada sai an yi masa magana. Dangin ma'aikaci ba sa shigowa ta gaba, in da wani dalili su zagaya ta baya su faɗa wa manaja, shi zai ga ko ya kamata a isar. In an tashi, kowa ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga hannu a lalube aljihunsa da ƙugunsa, ko da ya shekara ashirin yana aiki ba a taɓa samunsa da zare ba. Juma'a ce ranar hutunmu, amma da azumi ya kama har bayan Salla babu hutu, babu izinin tafiya ko'ina. Duk wanda ya daɗe a cikinmu za ka gane shi ta ƙafa, jijiyoyi sun fito masa kamar saiwar bishiya. Ban ƙirƙiri ko ɗaya daga cikin dokokin nan ba. Ni ma a kaina an gwada su, na sha lalube shekaru kafin in zama mai lalubewa. Na faɗi wannan ne don a san inda abin ya faru, ba don in wanke kaina ba.

Akwai wani ma'aikacinmu, bari in kira shi Modu. Asalinsu Barebari ne, ƙauyensu yana cikin fadama ta wajen Guri, inda in ruwa ya cika sai da kwale-kwale ake shiga. Ya girme ni, kuma ya riga ni shiga kantin. Shi ya koya min riƙe almakashi, shi ya koya min yadda ake ɗora yadi a kan sandar awo ba a ja shi ba, ba a sake shi ba. Ranar da na fara aiki ƙafafuna suka kumbura, shi ya ce in riƙa jingina gwiwa da katakon kanta ta ciki inda ba a gani. Da aka tashi naɗa manaja aka tsallake shi aka ba ni, don na yi firamare ina rubuta Turanci, shi kuwa allo ya yi. Bai nuna min komai ba. Abu ɗaya ne ya canza, da yana kirana da sunana, daga ranar ya koma ce min Maigida. Na ce ya bari, ya yi dariya ya ci gaba.

Matarsa Yagana a ƙauye take zaune tare da tsohuwarsa, shi yana kwana a wani ɗaki a gari, ranar Juma'a ya je ya dawo. Sun daɗe tare, ta sha haihuwa amma babu wanda ya zauna. Bana ta sake samun ciki, kuma lissafinsu ya faɗa cikin azumi. Tun kafin a ga wata ya same ni a sito ya roƙi in ba shi 'yan kwanaki in lokacin ya zo. Na ce ya san doka, ya bari sai bayan Salla. Ya ce haihuwa ba ta jiran Salla. Na ce to, Allah ya kai mu, in ta zo za mu gani. Haka nake cewa duk abin da ba na son amsawa.

Azumin bana kowa ya san yadda ya kasance. Kuɗi sun shigo hannun mutane, wanda bai taɓa taɓa leshi ba ya zo yana tambayar wanda ya fi tsada. Kanti cike tun safe, mata suna turereniya, teloli suna tsaye suna jiran a yanka su ruga. Mu kuma baki bushe, ƙafa kumbure, muna murmushi don doka ta ce a yi murmushi. Ruwa kuma ya cika fadama, ya rufe hanyoyin ƙauyuka. A cikin goman ƙarshe sai ga Sufeto daga Kano. Sufeto shi ne wanda kamfani ke turowa ya zagaya rassa, ba ya sanarwa, sai dai ka ga motarsa a ƙofa. Kafin zuwansa labari ya riga ya iso mana cewa ya kori manajan wani reshe nan take, don ya tarar da kanta ɗaya babu kowa, manajan ya bar ma'aikacin ya tafi jana'iza. Mutumin na san shi, tare aka yi mana horo, yana da iyali kamar yadda nake da su.

Da hantsi, Sufeto yana ciki ya sa Modu yana sauko masa da bandir-bandir na shadda yana dubawa, sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofar baya. Na je na buɗe. Kyari ne, ƙanen Modu, masunci. Wandonsa jiƙe har cinya, ƙafarsa duk laka, yana haki. Ya durƙusa ya gaishe ni a gurguje, ya ce Yagana ta haihu tun asuba, mace, jaririyar tana lafiya, amma jini ya ƙi tsayawa. Ya ce wasu sun ce a sa ta a kwale-kwale a kawo ta asibiti, mahaifinta ya ce ba mai fitar da ita daga ɗakin mijinta a kan wannan ruwa sai mijin ya zo ya faɗa da bakinsa. Shi Kyari ƙane ne, maganarsa ba ta isa ba. Ya leƙa ta bayana yana neman yayansa, na tare ƙofar da jikina don kada Sufeto ya hango shi. Ya ce masu fito suna bakin ruwa yanzu, in Modu ya fito da wuri zai same su. Shi kuma an ce ya wuce wani ƙauye ya ɗauko wata tsohuwar unguwarzoma da ta san maganin jini.

Na ce masa, "Je ka abinka. Yanzun nan zan sake shi."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, yanzu fa. Ta yi fari."

Na ce yanzu. Ya juya da gudu. Na rufe ƙofar, na sa sakata, na koma ciki.

Ina so in faɗi gaskiyar abin da ke raina a lokacin, don na sha juya shi. Ban yi niyyar ɓoyewa ba. Cewa na yi bari Sufeto ya gama da shaddar nan, abin da bai fi ɗan lokaci ba, sai in ja Modu gefe. Ya gama da shadda ya koma atamfa. Na ce bari ya gama atamfa. Sai wata Hajiya ta shigo da 'ya'yanta da jikokinta za a yi musu anko, Sufeto ya ce Modu ya yanka yana kallo. Modu ya yanka, almakashinsa yana tafiya shar kamar a kan ruwa, Sufeto ya juyo ya ce min irin wannan ma'aikaci ake so, kuma reshen da ke da irinsa manajansa ya iya aiki. Na ce na gode. Modu ya dube ni ya yi murmushi, murna yake taya ni. Me ya hana ni buɗe baki a nan? Kalma nawa ce? Ban ma gwada tambayar Sufeto ba, ban ba shi damar ya ƙi ba. Ni na ƙi a madadinsa.

Aka kira azahar. Sufeto ya tafi masauki ya ce zai dawo. Ga dama ta samu, babu mai kallona. Modu ya zo wucewa da butarsa, kafaɗarsa ta gogi tawa, na buɗe baki sai na ji wata tambaya ta riga ni: in ya ce yaushe aka zo, me zan ce? Tun hantsi? To me ka tsaya yi tun hantsi? Kuma in Sufeto ya dawo ya tarar da kantar Modu babu kowa fa? Sai na ce a raina mata suna haihuwa kullum, jini yana zuba ya tsaya, unguwarzoma ma ta isa yanzu, mutanen ƙauye da zuzuta abu. Na bar shi ya yi sallarsa ya koma bakin aiki. Na tsaya ina kallonsa yana auna wa mutane kayan Salla. Har ya ware wani ɗan guntun atamfa mai ruwan ganye ya ce in ajiye masa, zai biya in an yi albashi, Yagana tana son kalar.

Sai da aka yi la'asar Sufeto ya shiga motarsa ya kama hanya. Ƙurar motar ba ta kwanta ba na kira Modu sito. Na ce masa ƙanensa ya zo yanzun nan ta baya, ya ba da saƙo ya wuce da sauri. Yanzun nan. Ban shirya kalmar ba, fitowa ta yi da kanta, sumul, kamar na daɗe ina ajiye da ita. Ya ajiye almakashi, bai ko cire rigar aiki ba. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Maigida, na gode da ka sake ni. Na san ba lokacinsa ba ne."

Ya isa ƙauye ana shan ruwa. Ta rasu tun tsakanin azahar da la'asar. Matan da ke kanta sun ce har ta daina gane mutane tana tambaya ko ya iso. Da ya tashi da hantsi, da ya isa kafin azahar. Ko da an kawo ta asibiti za ta rayu? Ban sani ba. Na tambayi wani malamin asibiti a fakaice kamar labarin wani nake ba shi, ya ce ya danganta. Kowa ya danganta yake ce min.

Ga inda abin ya ƙara lalacewa. Kyari bai samu unguwarzomar ba, ta tafi wani ƙauyen. Ya bi ta can shi kaɗai a kwale-kwalensa, ruwa ya rufe alamun hanya, ya shiga ciyawa ya ɓata, bai iso gida ba sai bayan Modu, hannu wofi. Babu wanda ya gan shi a kan ruwan duk tsawon ranar. Amma an gan shi a Haɗeja da hantsi, mutum biyu 'yan ƙauyensu sun gan shi yana sauri ta bakin kasuwa. Kyari kuwa an san shi da son dara, in ya shigo gari ya ga ana yi a gindin bishiya sai ya manta abin da ya kawo shi, an sha yi masa faɗa a kai. Sai lissafi ya haɗu da kansa: ya shigo gari da hantsi, manaja ya ce sai la'asar ya kawo saƙo, to ina ya tsaya? Ya rantse, ya yi kuka, ya ce a tambayi manaja. Aka ce ai manajan ne ya faɗa. Wa zai ɗauki maganar masunci mai dara ya bar ta mai farar riga?

Da labarin rasuwar ya kai Kano, Sufeto ya aiko da gaisuwa ta bakin direban lorinmu. Wai ya ce ai da an faɗa masa, da motarsa zai kai Modu bakin ruwa. A saƙon dai ya ce Modu ya dawo bayan sadakar uku, don jajiberin Salla ba a yi babu shi. To wanne ne Sufeton gaskiya, mai motar ko mai cewa a dawo? Da na tambaye shi ran nan, wanne zan samu? Ba zan taɓa sani ba, kuma na daina ƙoƙarin sani.

Modu ya dawo. Ya tsaya a kantarsa ya yanka wa matan mutane kayan Salla tun safe har rufewa, bai yi kuskuren ko ɗan yatsa ba. Da aka tashi ya zo bakin ƙofa ya ɗaga hannuwansa kamar kullum. Sauran ma'aikatan suka sunkuyar da kai, suna jira su ga ko yau zan ce ya wuce. Na lalube shi. Na sa hannu a aljihunsa na dama, na hagu, na shafa ƙugunsa, na ji ƙashin haƙarƙarinsa ta cikin riga. Babu komai sai carbi. Ina cikin yi ya tambaye ni a hankali, ba tare da ya sauke hannu ba, wai yana so ya ji da kunnensa sau ɗaya, Kyari da yaushe ya zo?

Na ce, "La'asar."

Ya ce, "To."

Jama'a, abin da ya sa na rubuto ba nadama ba ce irin wadda kuka sani. Da ita ce da na ji sauƙi. Ni ban ji komai ba. Ran nan na koma gida na sha ruwa, na ci tuwo na ƙoshi, na yi barci har sai da aka tashe ni sahur. Ranar Salla na sa sabuwar riga na je idi, na ɗauki ƙaramin ɗana a kafaɗa. Ina ta jira abin ya zo, kuka ko tsoro ko ciwon kai, har yau shiru. In mutum ya wuni a tsaye a bayan kanta, akwai lokacin da ƙafa ke daina ciwo, ka san tana nan don ka ga kana tsaye, amma in an taka ta ba za ka ji ba. Haka ƙirjina yake. Matata ta ce na rage magana, ta tambaya ko wani abu ya faru a kanti. Na ce gajiya ce. Ta ce gajiyar bana ta daɗe. Ina salla, ina ɗaga hannu in ce astagfirullah, in ji kalmar ta fita kamar ina faɗa wa mai saye farashin yadi. Wane irin mutum ne wannan? Dama haka nake ban sani ba, ko aikin ne ya mayar da ni haka a hankali? In aikin ne, me ya sa bai mayar da Modu ba, shi da ya fi ni daɗewa?

Da abin ya tsaya a kan wadda ta rasu, wataƙila da na yi shiru har kabarina. Bai tsaya ba. Matar Kyari tana goyo, ita ta karɓi jaririyar tun ranar farko tana shayar da ita tare da nata. Da Modu ya ji la'asar daga bakina karo na biyu, Juma'ar da ta biyo ya je ƙauye ya ɗauke yarinyar daga ɗakinta, ya rantse 'yarsa ba za ta ƙara shan komai na gidan Kyari ba. Ya kai wa kakarta ta wajen uwa. Tsohuwa ce, da nonon akuya take fama da ita da ruwan kunu. Yarinyar ba ta karɓa. Modu da kansa yake ba ni labari muna jera kaya, wai cikinta yana ta gudana, wuyanta ya yi siriri, kukanta ma ba ya fita sosai. Ni yake faɗa wa, don ni ne mutumin da ya yarda da shi. In ce Allah ya ba ta lafiya, ya ce amin, mu ci gaba da jera singileti. An shata katanga ta zana a tsakiyar gidansu. Tsohuwarsu tana tsakani, in ta ci tuwon wannan ɗan, wancan ya ɗaure fuska. Kyari ya daina zama cikin mutane, abokan kamun kifinsa ma sun rage fita da shi, yara suna yi masa waƙar dara in ya wuce.

Sau ɗaya ya zo. Wata ranar kasuwa na fito baya zan yi alwala, na gan shi tsugune a jikin bangon da ke kallon ƙofar, daidai inda ya durƙusa ran nan. Ya rame. Bai gaishe ni ba, ni ma ban gaishe shi ba. Na zaci zai yi ihu ya tara min jama'a, har na ji wani abu kamar ina so ya yi. Bai yi ba. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban zo faɗa ba. Ni dai so nake in ji ko ka manta ne. In mantawa ka yi, ka tuna. Rana tana nan, ba ta kai tsaka ba." Ya nuna sama da hannu, daidai inda take a ranar. Na ce masa ina da aiki. Na shiga na sa sakata, na tsaya a bayan ƙofar da butar a hannuna har na ji tafiyarsa. Sannan na fito na yi alwalata, na yi salla, na koma na sayar wa wani ango shadda.

Yanzu ruwa ya fara janyewa, ana yankan shinkafa a fadama, mu kuma mun fara sauke kayan Babbar Salla. Abu biyu suka same ni a mako ɗaya. Na farko, kamfani ya ce an yaba da yadda na riƙe reshe a azumi, za a mayar da ni wani babban reshe a Kano, in na shirya ko gobe in tafi. Na biyu, Bulaman ƙauyensu Modu, wato mai garin, da limaminsu sun gaji da rigimar, sun kuma tsorata da halin da yarinyar ke ciki. Sun ce ranar Juma'a mai zuwa bayan masallaci za a zauna a ƙofar Bulama, a kawo Alƙur'ani, Kyari ya dafa ya faɗi lokacin da ya kai saƙo, manaja ma ya zo ya dafa ya faɗi nasa. In ta tabbata Kyari ne, zai bar ƙauyen. In ba shi ba ne, Modu ya mayar da yarinyar wurin mai nono a ranar.

Na auna kowace hanya. In na dafa na ce la'asar, na san abin da ke jiran mai rantsuwar ƙarya, kuma na kori mutum daga garin ubansa, yarinyar kuma sai abin da Allah ya yi. In na ce hantsi, a gaban ƙauye guda zan ce ni ne, ni na tsaya ina kallon mutum yana yanka atamfa matarsa tana zubar da jini. Labarin zai riga ni isowa Haɗeja. Kamfani ba zai kore ni don na riƙe saƙo ba, ai dokarsu na bi, zai kore ni don na jawo musu magana. Ina da mata da 'ya'ya, mahaifiyata a wurina take. Kuma Modu, wanda ya rasa mata ya rasa ƙane, zai gane wanda yake kai wa kukansa kullum shi ne. Ban san abin da zai yi ba, ban san ko zai iya ci gaba da tsayuwa a kantin ba, kuma ba shi da wata sana'ar. Hanya ta uku ita ce in karɓi Kano in hau lori kafin Juma'a, in ce aiki ya kira ni. Ba rantsuwa, ba tonon asiri. Kowa zai ce manaja ai babban mutum ne, ba shi da lokacin shari'ar ƙauye, kuma maganarsa ta farko tana nan. Kunyar da nake ji, in ma kunya ce, ita ce wannan ta ukun ta fi kwanta min, har na tambayi direba ranar da zai koma.

Jiya muna sauke diloli daga lori, ni ina sama ina miƙowa, Modu yana ƙasa yana karɓa a ka. Ya ajiye ɗaya ya tsaya yana share gumi, ya ce ya san wahala ce a ɗauki mutum kamata a kai shi cikin laka, ya ba ni haƙuri. Ya ce ya riga ya yi magana da mai fito, zai shimfiɗa min tabarma a kwale-kwalen don kada rigata ta ɓaci. Na ce ba komai. Ya ɗaga kai ya dube ni, rana tana dukan idonsa.

Ya ce, "Maigida, wallahi ina so a ce ƙanena gaskiya ya faɗa. Kullum sai na roƙi Allah ya sa ni ne na yi kuskuren ji. Amma na duba na duba, shi yana da dalilin yin ƙarya. Kai me za ka samu?"

Na miƙa masa dila ta gaba. Ya karɓa ya ɗora a ka ya shiga ciki.

Edita, masu karatu, malamai da ke cikinku da waɗanda suka taɓa aiki a ƙarƙashin wani, yau Talata. Lori zai koma Alhamis, kwale-kwale zai tashi Juma'a. Kada ku ce in bi zuciyata, na taɓa ta ba ta motsi. Ku faɗa min da baki, dalla-dalla, kamar yadda ake ba ma'aikaci umarni, don shi kaɗai na iya bi. Me zan yi?